Ashar ɗin da Na Auna wa Akuya a Rediyo

Ranar da layina ya shiga shirin rediyon nan na kiran waya, sai da na gyara zaman hulata, kamar ana ganina. Sati biyu na yi ina shirya jawabi kan lalacewar hanyar Sabuwa. Na faɗi cikakken sunana, na ƙara da unguwarmu a Faskari, don gwamnati ta san da wa take magana.

Ina tsakiyar bayani sai akuyar maƙwabcina ta tura kai cikin masarar da na shanya. Ni kuwa Bakatsine ne. Kafin in tuna duniya na jina, na auna mata ashar, na haɗa da uwarta da kakarta.

"Subhanallahi! Malam, hukuma na saurare, irin wannan har kotu yake kai mutum!" in ji mai gabatarwa, ya katse layin.

Na zare sim na jefa rijiya, na gudu Ƙanƙara gidan yayata. Kwana huɗu, duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai in faɗa bayan rumbu.

Babu wanda ya zo nemana. Amma har yau in na shiga kasuwar Yankara, sai wani ya ɗaga murya: "Alhaji, ka shirya, akuyar nan fa ta ɗauki lauya!"