Wasiƙar da Na Rubuta wa Murja a Takardar Shago

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a makarantar su Murja ba, ranar da na yi ta ƙyalƙyala dariya a cikin taron iyayen yara, ban san ni ake yi wa ba.

Ni mutumin Kano ne, na haura shekara ashirin ina sayar da kayan masarufi a Akébé, wata unguwa a ƙasar waje inda ake magana da Faransanci. Faransancina na kasuwa ne. Da shi nake ciniki, da shi nake faɗa da masu tasi, kuma ban taɓa jin wani ya ce bai gane ni ba (sai daga baya na lura cewa mai neman ragi a buhun shinkafa ba ya tsayawa gyara wa mai shago magana). Saboda haka a raina na ɗauka na gama da harshen nan.

Murja 'yata ce, ita ce ta fara kaiwa ajin ƙarshe na sakandare a gidanmu. A shekarar da za ta zana bak, wato jarabawar fita, sai na naɗa kaina shugaban neman mata jami'a. Ba wanda ya roƙe ni. Na sayi jakar takardu mai zif, na yi ta zarya ofishin magajin gari ana buga wa takardunta hatimi, kuma na yanke hukunci cewa likita za ta zama. Na faɗa a shago, na faɗa a masallaci, har wasu suka fara ce min Baban Likita, ni kuwa ina amsawa da gyaran murya.

Lokaci-lokaci Murja takan zo ta durƙusa ta ce, "Baba, ni fa dama..." Sai in katse ta, in ce kada ta damu, ina sane da komai. Uwarta ta ce in bar yarinya ta ƙarasa maganarta mana. Na ce harkar takardu ba ta mata ba ce (uwar tata ta gama sakandare, ni a aji uku na tsaya).

Cikin abubuwan da ake haɗawa a dosiye, wato ƙunshin takardun neman gurbi, akwai wasiƙa, wadda ɗalibi zai bayyana dalilinsa na son karatun da ya zaɓa. Murja ta rubuta tata, ta sa a ambulan tare da sauran takardu, ta ba ni in miƙa a makaranta, tunda na dage ni zan kai. Da na isa shago sai na buɗe. Wasiƙar ba ta wuce rabin shafi ba. Karatun Faransanci yana ba ni wahala, don haka ban karanta ba, tsawonta kawai na auna da ido. Na ce lallai kunya za ta cuci yarinyar nan. Wa ya taɓa sayar da kaya yana ɓoye su a ƙarƙashin tebur?

Na kira Mahaman, wani abokina mutumin Maraɗi mai tuƙa tasi, wanda ya yi boko a ƙasarsu. Ya zauna a kan buhun gero tsakanin azahar da la'asar, ina faɗa yana juyawa yana rubutawa, da sunan Murja. Na ce ya rubuta cewa ni 'yar babban gida ce, mahaifina yana da shago biyu a Akébé, ya je Makka sau biyu. Tun ina shekara huɗu nake ɗura wa kajin gidanmu magani, babu wadda ta mutu a hannuna sai ɗaya. Ban taɓa ƙona miya ba. Duk makarantar da ta bari na wuce ta, ta yi asara, don ba a samun irina ko'ina.

Mahaman ya ɗago kai ya ce shi dai bai taɓa ganin wasiƙar makaranta mai kaji a ciki ba. Na ce shi ya sa yake tuƙa tasi. Da yana kwafe adireshin daga wasiƙar Murja ya sake cewa, "Alhaji, wannan makarantar fa..." Na ce ya rubuta kawai, la'asar ta kusa. Ya kaɗa kai ya rubuta.

Na kai wani wurin buga takardu a unguwar Sotega. Farar takarda ta yi min fayau da yawa, sai na ba su takardar shagona, mai sunana da tambarina a sama, don a san yarinya tana da gata. Na cire wasiƙar Murja na jefa a aljihun tebur, na sa tawa, na liƙe, na kai.

Bayan mako ɗaya malamar da ke yi wa ɗalibai jagora a kan zaɓen jami'a, Madam Ndong, ta tara iyaye da 'ya'yansu kafin a aika da dosiyoyin. Na sa babbar riga sabuwar guga, na zauna a layin gaba. Da ta tambaya ko akwai mai magana, ni na fara tashi. Na ja kunnen iyaye da su riƙa sa ido a kan takardun 'ya'yansu kamar yadda nake yi. Mutum biyu suka tafa.

Daga nan Madam ta ce za ta karanta wasiƙu biyu ba tare da suna ba, ɗaya don a yi koyi, ɗaya don a kiyaye. Ta karanta ta farko, aka gyaɗa kai. Ta ɗauko ta biyu.

To, Faransanci a bakin Madam Ndong daban yake da wanda nake ji a kasuwa. Kalmomin a manne suke fita, da sauri. Ban tsinci layin farko ba, amma na ji an fara dariya, ni ma na shiga. Na ji an ambaci kaji, ɗakin ya kece, na ƙara nawa har da buga cinya. Na ma zunguri mutumin da ke kusa da ni na ce masa wasu iyayen ba sa duba abin da 'ya'yansu ke rubutawa.

Sai na ji "miya". Dariyata ta rage. Sai na ji "Makka sau biyu".

Madam ta ce abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne, wasiƙar tana roƙon karatun likita, amma makarantar injiniyoyi aka aika wa. Sannan ta ɗaga takardar, ta rufe sunan da yatsa, ta ce don Allah kada kowa ya sake amfani da irin wannan takarda. Ta karanta ƙaramin rubutun da ke can ƙasa, wanda na shekara goma ina gani har na daina ganinsa: "Kayan da aka saya ba a dawo da su, ba a canzawa."

Yatsanta ya rufe suna amma bai rufe tambarin ba, kuma rabin mutanen ɗakin suna da ledar shagona a gidajensu. Kawuna suka fara juyawa, ba wajena ba, wajen Murja, wadda ke zaune a baya cikin 'yan ajinsu. Madam ta gane ta yi ɓaranɓarama, ta ajiye takardar, ta ce a hankali ba ta yi tsammanin wannan daga ɗalibar da ta fi kowa a lissafi ba.

Murja ta miƙe. Idonta ya ciko, amma muryarta ba ta yi rawa ba. Ta ce, "Ki yi haƙuri, Madam. Zan sake rubutawa."

Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Ta ɗauki kaji da miya da Makka ta aza a kanta a gaban ƙawayenta, don kada a yi wa ubanta dariya. Da na yi shiru, da an tashi a haka. Na rantse na ɗan yi tunanin yin shirun (mai babbar riga ma yana jin tsoro). Amma na tashi, na ce da Faransancin nan nawa na kasuwa, "Madam, ba ita ba ce. Ni ne. Ita ba ta ma gani ba."

Mutumin da na zungura ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna girgiza. Madam ta tambayi inda wasiƙar yarinyar take. Na ce tana shago, a aljihun tebur. Ta ce ranar Litinin za a rufe karɓa, in Allah ya sa ban naɗe wa wani sukari da ita ba.

Ban naɗe ba, amma man gyaɗa ya taɓa gefenta. A shagon na miƙa wa Murja, na ce ta karanta min da Hausa. Ta rubuta cewa duk damina ruwa yana cika unguwarmu, kuma tun tana ƙarama take ganin mahaifinta ya naɗe wando yana ɗora buhuna a kan tebur, ruwa har gwiwa, washegari ya kasa miƙe bayansa. Tana so ta koyi yadda ake yi wa ruwa hanya, don ya daina shiga gidajen mutane. Iyakar abin ke nan. Ashe ina cikin wasiƙar tun farko, kuma na fi kyau a tata.

Na tambaye ta me ya hana ta gaya min. Ta ce, "Na fara gaya maka sau huɗu, Baba. Ka ce kana sane."

Ta sake kwafewa a farar takarda, ta kai da hannunta ranar Litinin. Ta ci bak, makarantar ta ɗauke ta, yanzu tana shekara ta uku. Uwarta ba ta ce min komai ba a kan lamarin, illa dai ta ba duk matan unguwa labarin, ɗaya bayan ɗaya.

Abin da na koya shi ne, idan yaro ya buɗe baki a kan rayuwarsa, uba ya jira ya kai aya, ko da kuwa uban yana ganin ya fi shi sani, musamman ma idan yana ganin haka. Bana ƙanenta Sadiku ne a ajin ƙarshe. Da ya rubuta tasa wasiƙar an yarda in gani, amma uwarsa ce ta riƙe takardar, ni ina leƙe daga nesa, hannuwana a baya. Na hango wani waƙafi da nake ganin bai zauna daidai ba. Na haɗiye.