Ranar da Aka Yi Wa Allurar Rage Ƙiba Ruƙiyya

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda ya kamata in riƙe, amma ba zan taɓa mantawa da yammacin da muka kai Nusaiba gidan surukanta a Ƙofar Kaura ba. Nusaiba ɗiyar yayana ce, ni ce gwaggonta, kuma ni dangi suka zaɓa in yi magana a madadinsu. Ko yanzu da nake rubuta wannan ƙafata rawa take yi a ƙarƙashin tebur, kuma wannan karon kunya ce ke kaɗa ta.

Bari in fara da ciwon, don a gane yadda mace da hankalinta, ma'aikaciyar gwamnati, uwar 'ya'ya, ta kai kanta inda na kai kaina. Akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya da likitoci ke kira tayirod, mu kuma sai ta kumbura muke saninta da sunan maƙoƙo. Tawa ba ta wani kumbura ba, aiki ne ta ɗauka da zafi fiye da yadda aka sa ta. Zuciya ta dinga bugawa kamar an biyo ni, hannu na karkarwa, zufa ko ana sanyi, ido ya ɗan firfito. Zama wuri ɗaya ya gagare ni. In share falo, in leƙa kicin, in dawo in sake share falon. Ga ci kamar gara, amma kullum ramewa nake yi.

Ramewar nan ce ta cuce ni. Ni da tun ina budurwa ake ce mini 'yar lukuta, sai ga ni ina shiga kayan da na ajiye tun kafin haihuwar fari. A ofis a tare ni a ce, "Hajiya, wai mi kike sha ne haka?" ni kuwa in yi murmushi kamar wata dabara ce tawa (ciwo na cina, ni ina karɓar yabo a madadinsa). Maigidana ne ya gaji da sintirina da faɗan da nake yi ba dalili, ya sa ni gaba sai asibiti. Likitar wata mata ce mai magana a hankali. Ta sa aka ɗebi jinina, ta rubuta mini wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi, ta ce in sha kullum, in dinga dawowa gwaji, kada kuma in haɗa su da wani magani sai na tambaye ta. Ta ƙara da cewa idan maganin ya kama, ƙiba na iya dawowa, kada in damu, alamar sauƙi ce.

Ƙibar ta dawo kuwa, har da 'yan rakiya. Na samu barci, hannuna ya daina rawa, amma masu tambayata abin da nake sha suka koma cewa, "Hajiya, hutu ya karɓe ki." Na san fassarar wannan gaisuwar sarai. Ana haka aka sa ranar bikin Nusaiba, aka fitar da anko, tela ya zagaya ni da abin awo ya faɗi lambar da ƙarfi kamar mai shela. Ranar na koma gidana a unguwar Kambarawa raina a jagule.

Wata abokiyar aikina, wadda ba zan faɗi sunanta ba don har yanzu muna gaisawa, ita ta ja ni gefe ta nuna mini wani abu mai kama da biro. Ta ce allura ce, a fatar ciki ake yi sau ɗaya a mako, wata ce ke kawowa daga waje, abinci zai fita raina, tumbi ya bi shi. Na tuna da likita, na tambaye ta ko ba za ta yi faɗa da ƙwayoyina ba.

Ta ce, "Ke Hajiya, wancan na wuya ne, wanga na ciki. Ina suka haɗu?"

Na karɓi wannan magana kamar fatawa, don ita nake son ji. Na kai allurar gida na tura ta can ƙarshen firji, cikin robar daddawa, inda na tabbata ba mai kai hannu. Ban gaya wa maigidana ba, likita kuwa na daina ma bin layin asibitinta.

Gaskiya allurar ta yi aikinta. Tuwo ya zama abokin gaba, ƙamshin miya ya fara tayar mini da zuciya, ga wata irin gyatsa da ba ta da mutunci. Sau da yawa in na sha ƙwayar safe sai ta dawo tare da shayin. Don in nuna cikar wayo, sai na fara raba ƙwayar gida biyu, tunda a lissafina ita ce ta jawo ƙibar (ni da ko awon zafin jiki ban iya ba, na zama mai rage wa kaina magani). Ba a daɗe ba tsofaffin baƙina suka dawo, bugun zuciya da karkarwa da zufa da rashin zama. Duk wanda ya yi magana sai in ce hidimar biki ce. A makon bikin ma na ƙara yawan allurar, don ankon yana ɗan kama ni a hannu.

Ranar kai amarya tun safe nake zirga-zirga a gidanmu na Ƙofar Guga. In ɗauki kular abinci in ajiye, in aiki yara in bi bayansu, in fara magana in manta ƙarshenta. Yaya Hajara, babbar yayarmu, ta kama hannuna ta ce, "Auta, kin ci wani abu kau? Jikinki kamar garwashi."

Na ce na ci. Rabin dabino ne, shi ma da ƙyar ya wuce.

Bayan la'asar muka ɗauki amarya. Kafin a kai ta ɗakinta sai an fara biyawa da ita wurin iyayen ango, a zaunar da ita gaban uwar miji kanta a rufe, gwaggo ta danƙa amana. Maganar da zan yi na haddace ta tsaf, har da inda zan ɗan sa murya ta yi rawa don a ji tausayi. Muka shiga falon Hajiya Indo, uwar ango, mata sun cika shi maƙil, hayaƙin turaren wuta ya tokare ko'ina, ga ba wuta balle fanka. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ina amsawa ina jin bugun zuciyata a cikin kunnuwana.

Sai aka shigo da ƙwaryar fura. Hajiya Indo ta ce da hannunta ta dama, kuma a gidansu wadda ta kawo amana ita ke fara sha kafin ta buɗe baki. Ta miƙo mini ludayi. Wa ya isa ya ƙi furar suruka a rana irin wannan? Na karɓa, ludayin ya kama kaɗawa a hannuna, fura na zuba a kan ankon da na sha wahala dominsa. Na rufe ido na kurɓa. Tana sauka cikina ya ce bai san zancen ba.

Na daure na fara. "Hajiya, ga ɗiyarmu nan mun kawo maku..."

Abin da ya biyo baya gyatsa ce, doguwa, mai kauri, da murya irin ta ƙaton namiji. Idanun falon duka suka dawo kaina. Na zabura na miƙe don in nemi ƙofa, ƙafafuna suka ƙi, na koma na zauna, na sake miƙewa. Zafi ya taso mini daga ƙirji, ban san lokacin da na fizge mayafi da ɗankwali na yar ba, a gaban surukai. Ku haɗa hoton da kanku: mace kai a buɗe, ido a waje, zufa na tsiyaya, jiki na ɓari, ga muryar da aka ji ta fito daga cikinta.

Wata daga bayan ɗaki ta ce, "Sun tashi."

Kafin in gane su wa suka tashi, an danne mini kafaɗu. Malama Saratu, ƙanwar Hajiya Indo, mai koyarwa a Islamiyya, ta riƙe babban yatsana ta kafa baki a kunnena ta fara karatu. Wata ta shafa mini man habbatus sauda a hanci. Ni kuwa ina ta fizge-fizge, don amai ne ke tahowa kuma ba na son ya sauka a kan kafet ɗin mutane. Duk fizgar da na yi sai su ƙara tabbata.

Malama ta dakata ta ce, "Mi sunanka? Tun yaushe kake jikinta?"

A nan ne wani tunani ya zo mini, kuma ba na alfahari da shi. Na ce a raina, to, me zai hana in bar wa aljanin laifin? Mai aljanu tausayinta ake ji, ba a yi mata dariya. In yi shiru, in ɗan lumshe ido, in farfaɗo in ce ina ne nan, shi ke nan asirina a rufe. Har na fara laluben sunan da zan ba shi.

Sai na ji muryar wata tsohuwa cikin dangin ango, ba ta ma rage ta ba. "Halan a dangi yake? Irin wanga bin jini yake yi. A dai bincika yarinyar tun da wuri."

Na juya ido. Nusaiba ta ɗaga mayafinta tana kallona, hawaye sun ɓata mata kwalliya. Matan da ke kusa da ita sun ɗan ja jiki. Hajiya Indo kuma ta bar kallona, amaryar take kallo. Tsoro ya kama ni, na gaske, wanda ya fi na bugun zuciyar. Na san garinmu. Kafin a kira magariba labarin ya zaga, daga ranar ko ciwon kai yarinyar nan ta yi za a ce na gwaggonta ne ya motsa, ga ƙannenta mata a gida ba su yi aure ba. Yarinya ta shigo gidan miji da mutuncinta, ni zan liƙa mata abin da ba ta da shi saboda hannun riga.

Na ce, "Malama, sake ni. Ba aljani ba ne. Allura ce."

"Allurar mi?"

Na faɗa can ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, ba mu ji ba."

"Ta rage ƙiba."

Malama ta girgiza kai ta dubi jama'a. "Haka suke, ƙarya gare su. Ku ƙara riƙe ta."

Wato ko gaskiyar da na faɗa ba a karɓa ba sai da shaida. Na ɗaga rigar anko, na buɗe wa dangin ango tumbin da na yi watanni ina ɓoyewa, na nuna musu tabon allura ɗaya bayan ɗaya. Na ba su labarin tayirod, da ƙwayar da nake rabawa, da robar daddawa, ban rage komai ba. Ina kaiwa ƙarshe abin da nake ta dannewa ya iso, Allah ya taimake ni wata ta turo fanteka a kan lokaci.

Yaya Hajara ce ta fara magana. "Auta, ashe ke ce aljanin kanki."

Hajiya Indo ta fashe da dariya har tana share ido, falon duka ya ɗauka. Sannan ta miƙa hannu ta jawo Nusaiba jikinta, ta gyara mata mayafi, ta dafa nata cikin ta ce, "Taho nan, ɗiyata. In dai wanga ne ciwon danginku, mu ma nan gidan muna da shi." Haka aka karɓi amana, ba tare da jawabin da na haddace ba.

Daga nan asibiti aka wuce da ni, aka sa mini ƙarin ruwa. Da likitata ta zo ba ta ɗaga murya ba, kuma na fi son a ce ta ɗaga. Ta ce akwai masu irin ciwona da ake iya ba su allurar, amma sai an daidaita tayirod ɗin, an yi gwaji, ana kuma bibiyar zuciya. Ni na yi wadda ban san asalinta ba, na rage maganin da ke riƙe da ni, na hana kaina abinci, kuma zuciyar mutum ba ta jure irin wannan wasan kullum. Maigidana da ke tsaye a gefe, abin da kawai ya tambaye ni shi ne ko akwai sauran abin da ke cikin firjin da ya kamata ya sani.

Washegari Malama Saratu ta zo dubiya. Ta yi mini addu'a mai kyau, ta ba ni haƙuri, na ba ta haƙuri. Har ta kai ƙofa sai ta dawo, ta duba hagu da dama, ta sunkuyo daidai kunnen da ta yi wa karatu jiya.

"Wai ni Hajiya, allurar nan, tana aiki kau?"

Na nuna mata ofishin likita, na ce ta shiga ta tambaya, mutum ɗaya ce a ciki kuma akwai ƙofa. Ni da na ƙi faɗa wa mutum ɗayar nan, falo cike da mata na faɗa wa, kai ba ɗankwali.