Garin da Na Ci Ina Riƙe da Kofin Shayi

Zamanin mulkin soja akwai wani wasan yaƙi a kwamfutar ofishinmu: ka tara runduna, ka ci garuruwa. Ban taɓa shan kashi ba, har na laƙaba wa kaina Janar.

Da na ji an sabunta wasan, na sa aka ɗora mini shi, na tara 'yan majalisarmu ta unguwar Minanata, har da Malam Bitrus, tsohon abokin aikina. Na gyara hula na hau danne-danne, ina yi wa jama'a bayanin dabarun yaƙi.

Sai aka miƙo mini shayi, na karɓa da hannu biyu. Rundunata ba ta tsaya ba. Ina riƙe da kofi ta ci gari guda, ta kafa tuta. Ashe tallan wasan ne ke nuna kansa, ni ko shiga ban yi ba.

Na ce, "Na da ba haka yake ba."

Bitrus ya sunkuyar da kai. "Alhaji, haka yake. Nauyinka muka ji."

Har yau, ko jirgin sama ya gifta, sai wani ya ce, "A yi shiru, Janar na tuƙi."