Haruffa Masu Takalmi

Duk faɗin Dakoro babu wayayye kamar Na'Allah dillalin raƙuma. Shi ne ya taɓa riƙe wa Kumandan, Nasaran bariki, linzami har tsawon shan taba guda, kuma tun ranar ya hana a kira shi da suna tsurarsa, sai an ce Mushe Na'Allah, yadda ake kiran Nasara. Mutanen gari, da yake masu biyayya ne, suka yar da Na'Allah suka riƙe Mushe.

Bai san bihim a boko ba, amma gwani ne a kan haruffa. Yakan tsaya gaban allon bariki, hannu a baya, yana yi wa makiyaya darasi.

"Ku dubi waɗanga! Kowane da kauri, kowane da takalminsa shimfiɗe, ya taka ƙasa daram. Daga bakin kasuwa kana hango su. Ba irin masu ƙafar sauro da komi, akawun bariki, ke zanawa a takarda ba. Harafi mai takalmi, harafin mai mulki!"

Rannan ya dubi raƙumansa tara, ya ga shaidar gidansu a cinyarsu, 'yar alamar sawun zabo da ya gada tun kaka. Kunya ta kama shi. Ya kwaikwayi haruffa biyu mafi ƙiba daga jikin wani akwati a bariki, ya kai wa Jimrau maƙeri ya ƙera masa ƙarfen lalas.

Jimrau ya juya zanen ya ce, "Mushe, me suka ce?"

"Maƙeri, kai dai hura wuta. Karatu namu ne."

Ran kasuwa aka durƙusar da raƙuman, aka ɗora sabuwar shaida bisa tsohuwa. Mushe ya yanka rago, maroƙa suka yi ta kirarin mai raƙuman da suka yi lakwal, makarantar boko.

Ganin kitse ake wa rogo. Ba a yi kwana bakwai ba gardi biyu, dogaran bariki, suka biyo ta rijiya, suka hango haruffan tun daga nesa, don ai aikin harafi mai takalmi ke nan. Su ne ainihin lambar da bariki ke buga wa kayanta. Suka kora tara ɗin gaba ɗaya.

Mushe ya zura babbar riga ya bi su, yana rantsuwa gadonsa ne. Komi ya ce a nuna shaidar gado. Aka duba cinya ɗaya bayan ɗaya. Harafi mai kauri ba ya barin saura: ko ɗan yatsan zabo bai tsira ba.

Kumandan ya tausaya masa, ya ba shi aikin kiwonsu.

Yanzu in ka gamu da shi a hanyar Birnin Lalle zai gaya maka shi da Kumandan garkensu ɗaya. Bai yi ƙarya ba. Kumandan ke hawa, shi ke jan akala.