Yaƙin Mamuda Maikilishi da Hayaƙin Jirage

Da sunan Mai kowa mai komai muke buɗe tarihin gwarzo, Mamuda ɗan Barmo mahauci, jikan Na-Allah wanda ya taɓa kayar da bijimi da igiyar aro, tsohon ɗan kamashon tashar motar Funtuwa, sadaukin wuƙa, garkuwar barkono, wanda neman abinci ya kai shi Legas ya kafa gadon shanyar kilishi a bayan katangar tashar jiragen ruwa.

A wancan zamani al'adar tashar ita ce wanda ya riga isowa shi ke sauke kaya. Saboda haka jirage kan sheƙo a guje daga ƙasashe masu nisa, su yi cirko-cirko mako uku, injuna na ruri, iska na kwaso baƙin hayaƙi tana juye shi a kan naman Mamuda. Kilishin da ya kamata ya fito ja wur sai ya fito kamar gindin tukunya. Masu kwalekwalen da ke sarin kilishin su kai wa ma'aikatan jiragen suka fara ƙorafi. Ranar da matarsa Kande ta ɗanɗana ta tofar, ranar ya san sana'ar gado na shirin mutuwa a hannunsa, abin kuwa ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ya yi ɗamara, ya saƙala alli a kunne, ya ɗauki murfin kwali a matsayin garkuwa, ya ce, "Yau ko ni ko hayaƙi!" Ya ci ƙofar ofishin tasha ta farko da sallama, ta biyu da magiya, ta uku kuwa sai da ya share awa huɗu a kan benci, shi da ya fito yaƙi da jira. Da aka shigar da shi gaban jami'i, ya zana layi a kwali.

"Ranka ya daɗe, ko a Funtuwa ba a lodi haka. Direba ya rubuta lamba, ya kashe mota, ya je ya sha shayi. Ku ba kowane jirgi ranarsa tun yana gida, ya taho a hankali."

Jami'in ya ce an ji, ya karɓi kwalin ya yi fifita da shi.

Bayan wata bakwai sai ga sabon tsari, kowane jirgi da ranarsa da sa'arsa. Mahassada sun ce masana ne suka tsara shi a kwamfuta tun bara, Mamuda ya ce su yi ta faɗi, alli dai nasa ne. Sama ta washe, tarin da ke damun mutanen unguwa ya lafa, kilishi ya fito ja har yana ƙyalli.

Gwarzo ya jera kaya ya zauna jiran masu sari. Azahar ta wuce, la'asar ta bi ta. Can sai ga Baba Ayinde, babban mai kwalekwale, zai wuce ko kallon teburin bai yi ba. Mamuda ya tsayar da shi.

Baba Ayinde ya ce, "Wa zan kai wa, Malam? Yanzu jirgi kan iso ya sauke ya juya. Masu cin namanka ai masu jiran ne."

Mamuda ya dubi teku fayau, ba hayaƙi, ba mai saye. Ya yagi kilishi ya miƙa wa Kande. Ta tauna, ta ce tun aurensu bai taɓa yin mai daɗin wannan ba, sannan ta tambaya ko gobe ma shi za su ci.