Yadda Na Samu Rigata Mai Suna Nagge

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na je karɓar riga a ƙungiyarmu ta 'yan keke. Dokarsu ɗaya ce: sabon shiga ba ya samun jesi sai ya haye tudun Liji ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Ni kuwa tun ran Alhamis na cika guruf ɗinmu na waya da kuri. "Ku tanadi kyamara, a sama za ku tarar da ni." (Har da hoton wuta guda biyar, don Allah ku ji ƙarfin hali.)

Daga unguwar Malam Inna na fito da sassafe, sanyi kamar zai cire kunne. Riga uku na zuba, ga safar ƙafa a hannu, abin da na samu ke nan. Muka haɗu a Tudun Wada, mu goma sha wani abu, Kyaftin a gaba da usur.

Kafin rabin tudun, cinyata ta ajiye aiki. Kowa ya wuce ni, har wani Alhaji mai furfura da ya ce, "Sannu ɗana, sauke giya." Giyar ma ta ƙare, Baba.

Sai ga wata babbar mota tana nishi tana hawa. Na yi abin da muka saba tun muna firamare, na bi ta ɗaya gefen na cafke ƙarfen bayanta. Haba, sai ga ni ina wuce mutane a ɓoye, ina jin kaina.

Ban duba me ta ɗauko ba. Shanu ne.

Dab da sama na ji wani abu mai ɗumi ya sauko mini tun daga hula har wuya. Wallahi da farko daɗi ma na ji, saboda sanyin nan.

Ni na fara isowa. Na tsaya na harɗe hannu, tururi na tashi daga jikina kamar tukunyar ɗanwake. Kyaftin ya ƙaraso yana haki, ya matso zai rungume ni, sai ya ja birki.

"Mutumina, mene ne wannan?"

"Gumi ne, Oga."

Alhajin nan ya shinshina sau ɗaya. "Shekara talatin ina kiwo, ɗana. Wannan gumin na saniya ne."

Har ƙasa wasu suka zauna don dariya. Na ce ai ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba, a duba doka. (Har yau ina kan bakana.) Kyaftin ya ce to a ba saniyar rigar, ita ta hau.

Asabar ta gaba na koma, na haye da ƙafata, ni ne na ƙarshe, ina ganin taurari. Suka miƙo jesin, an buga NAGGE a baya, wato saniya da Fulatanci. Sun zaci zan ƙi sawa. Da ita nake zuwa lakca, in sun isa su hana.

Ni dai abin da na koya: in za ka rataya a bayan wani, fara leƙawa ka ga me ya ɗauko.