Birkin da Ya Zauna a Kujerar Gaba

Ƙaramar motata ta tsufa, sai na taka birki da ƙafa biyu take shawarar tsayawa. Makanikenmu na Buza ya ce sarbo ne ya mutu, wato baƙar tukunyar ƙarfen da ke ƙara wa birki ƙarfi. Na lallaɓa da ita Madawa, na sayo sabo fil, na naɗe shi da rawanina, na zaunar da shi a kujerar gaba.

A hanyar dawowa hankalina ya kwanta. Ai yanzu ina da birki! Na ba ta wuta, har ina ɗaga wa masu jakuna hannu. A gangaren shiga Babankatami, garin surukaina, na taka, mota ta ƙi ji. Na dubi sarbo, ya dube ni. Rumbun surukina ne ya tsai da mu, dammunan gero suka rufto mana.

Tsohon ya leƙo, ya ce, "Sannu da zuwa, ɗana. Wanga baƙo mai rawani hwa, daga ina?"

Har yau, in na tada mota, sai wani ya ce, "Malam, birkin ya kama aiki, ko yana nan zaune?"